Birnin Da Aka Shimfiɗa Ƙarƙashin Hanyar Jirgi

Da zarar damina ta ɗauke, an kuma shigar da amfanin gona rumbu, sai aikin gini ya taso a ƙauyukanmu. Waɗansu suna haƙa tushen sabon aji, waɗansu rijiya, waɗansu salga, waɗansu kuma ramin ɗiban ƙasa. Duk mai haƙa kuwa ya sani ba ƙasa kaɗai diga ta kan taɓo ba. Wani lokaci tsingaro ne, wani lokaci dutsen niƙa ko kashin maƙera. Wani lokaci kuma sai a tarar da tubala a jere, kwance cikin ƙasa, a wurin da ko tsofaffin gari ba su tuna an taɓa yin gida ba. Abin da ya kan fara zuwa ran magini shi ne, ga kayan gini an samu kyauta.

Muna so mu ba ku labarin wani wuri inda aka yi wannan tunani, da abin da ya biyo baya. Wurin yana da nisa da mu. Sunansa Harappa, yana cikin lardin Punjab na ƙasar Pakistan ta yau, kusa da tsohuwar hanyar kogin Ravi.

Yadda abin ya faru

Tun da daɗewa akwai waɗansu manyan tuddai kusa da garin Harappa, cike da jan tubali, watau tubalin da aka gasa da wuta. Mutanen wurin ba su san wanda ya gina su ba. In mutum yana bukatar tubali domin ɗakinsa sai ya tafi ya ɗebo kaɗan. Wajen ƙarshen shekarun 1820 wani Bature mai suna Charles Masson, wanda ya gudu daga aikin soja yana yawon ƙasa, ya bi ta wurin ya ga kufan. Ya zaci wani birni ne na zamanin Iskandari Mai Girma. A 1853 wani hafsan soja kuma injiniya, Alexander Cunningham, ya ziyarci wurin, ya tarar da manyan katangu suna tsaye.

A 1849 ne Turawan Ingila suka ci ƙasar Punjab, ba da daɗewa ba kuma suka shiga shirin hanyar jirgin ƙasa tsakanin Lahore da Multan. Wanda ya taɓa tsayawa bakin dogo ya ga tsakuwar da a ke zubawa ƙarƙashin ƙarafan. Ita ce ta ke riƙe hanya, ta ke kuma barin ruwa ya tsiyaye. To, ƙasar Punjab fili ce shimfiɗaɗɗiya, laka ce wadda koguna suka kwaso suka zuba, dutse yana da wuyar samu ƙwarai. Ɗauko shi daga nesa kuwa kuɗi ne mai yawa. Sai 'yan kwangila suka waiwaya suka ga tuddan Harappa. Ga tubali mai tauri, ga shi kusa, ba kuwa mai cewa nasa ne. Aka sa leburori suka yi ta tono, suna farfasawa, ana kwashewa.

Da Cunningham ya komo wajen 1872 zuwa 1873, a lokacin shi ne shugaban ma'aikatar binciken kayan tarihi ta ƙasar Indiya, sai ya tarar katangun da ya gani da idonsa babu su. Ya rubuta a rahotonsa cewa tubalan da aka kwashe sun isa shimfiɗa wajen mil 100 na hanyar jirgin. Ku auna wannan a ranku. Mutum ya yi tafiyar kwana huɗu ko biyar a ƙafa, duk inda ya taka kuwa ɗakin wani ne, ko rijiyar wani, ko bangon wani.

Ba mu ga amfanin zagin leburorin nan ba. Abinci su ke nema, an ce su tona sun tona. Su 'yan kwangilar ma ba su san abin da su ke rushewa ba, gama a lokacin duk duniya ba wanda ya sani. Laifinsu shi ne ba su tsaya sun tambaya ba.

Ɗan hatimi guda

Cikin 'yan abubuwan da suka kai hannun Cunningham akwai wani ɗan hatimi na dutse, ƙarami, an zana bijimi a kansa da waɗansu alamu shida masu kama da rubutu. Ya buga hotonsa a 1875. Da ya ga bijimin ba shi da tozo, shanun Indiya kuwa masu tozo ne kamar namu, sai ya ce lalle daga wata ƙasa aka kawo hatimin. Ya yi kuskure. Amma da wuya mutum ya gane abu ɗaya tilo wanda aka raba shi da wurin da ya ke kwance. Haka maganar ta kwanta kusan shekara 50.

A 1921 wani masani Ba'indiye, Daya Ram Sahni, ya fara tono a Harappa bisa ƙa'ida, ƙarƙashin shugabancin John Marshall. A 1922 wani kuma, R. D. Banerji, ya fara aiki a wani tudu da a ke kira Mohenjo-daro, can kudu a lardin Sindh, kusa da kogin Indus, fiye da mil 350 daga Harappa. Abin da ya ja shi can wani tsohon ginin mabiya addinin Buddha ne da ke bisa tudun. Da aka yi ƙasa da tono sai ga irin hatimin nan na Harappa, da irin rubutun, da irin tubalin. A ran 20 ga Satumba, 1924, Marshall ya ba da sanarwa a wata jaridar London. Cikin 'yan kwanaki masana da suka yi aiki a kufan ƙasashen Iraƙi da Iran suka amsa, suka ce sun ga makamantan waɗannan abubuwa a can, cikin gine-ginen da suka girmi zamanin Iskandari nesa ba kusa ba.

Yanzu an san cewa waɗannan birane sun bunƙasa daga wajen shekara ta 2600 zuwa 1900 kafin haihuwar Almasihu, a zamani ɗaya da Masar ta Fir'aunoni. Watau tubalan da aka zuba ƙarƙashin dogo sun fi shekara 4,000.

Abin da aka yi hasara

Mohenjo-daro bai sha irin ɓarnar da Harappa ya sha ba. Saboda haka a can ne a ke iya ganin irin abin da 'yan kwangila suka farfasa. A nan za mu ɗan daɗe, domin abin ya shafi aikin da mu ke yi kullum.

Mu fara da tubalin kansa. Ba irin namu na gargajiya ba ne da a ke mulmulawa da hannu. Da akwati a ke buga shi, yana da kusurwa huɗu. Kuma awonsa ɗaya ne: faɗinsa ya ninka kaurinsa sau biyu, tsawonsa kuma ya ninka faɗinsa sau biyu. Na gidaje ya kan kai santimita 7 a kauri, 14 a faɗi, 28 a tsawo, watau tsawonsa wajen inci 11. Na ganuwa ya fi girma, 10 da 20 da 40, amma rabon bai sake ba. Wannan rabo ne a ke samu a garuruwan da ke da nisan ɗaruruwan mil da juna. Magini zai gane hikimar nan da nan. In ka kwantar da tubali biyu gefe da gefe, faɗinsu ya yi daidai da tsawon guda. Saboda haka kana iya jera sahu ɗaya a tsawo, na bisansa ka gicciya shi, gaɓa ba ta hau kan gaɓa ba, bango ya ɗaure kansa da kansa. Yawancin ginin da laka kawai aka haɗa shi, ba siminti. Mu da mu ke fama da masu buga bulo, kowa da girman akwatinsa, wani ma yana rage siminti, mun ga abin koyi a nan.

Ba kowane gini suka yi da gasasshen tubali ba, gama gashi yana cin itace da yawa. Ɗanyen tubali suka yi amfani da shi wajen cike ƙasa da ɗaga dandamali domin tsoron ambaliya. Amma duk inda ruwa zai taɓa, gasasshe suka sa.

Sa'an nan rijiyoyi. An ƙiyasta Mohenjo-daro yana da rijiya wajen 700, birnin da masana su ke ganin mutanensa sun kai kamar 40,000. Da yawa a cikin gidaje su ke. An ɗaure cikinsu da wani tubali na musamman, kai ɗaya ya fi ɗaya faɗi, kamar tsinin gatari. In aka jera su a kewaye, siririn kai yana duban cikin rijiya, to duk yadda ƙasa ta matso daga waje sai ƙara matse su ta ke yi, ba su faɗa ciki ba. A bakin waɗansu har yau ana ganin sawun da igiyar guga ta ci. Wanda ya je wurin yanzu zai ga waɗansu rijiyoyin tsaye sama da ƙasa kamar bututun hayaƙi. Dalili kuwa, duk lokacin da gida ya tsufa sai a baje shi a yi sabo a kansa, ƙasa ta yi ta hawa, ana ƙara wa rijiya sahu bisa sahu. Da masu bincike suka kwashe ƙasar da ke kewaye sai rijiya ta rage ita kaɗai a tsaye.

Gidaje da yawa suna da wurin wanka da aka daɓe da tubali, an karkata shi kaɗan domin ruwa ya gangara ya fita ta makwarara cikin bango. Daga nan ya shiga lambatun titi, wanda aka gina da tubali aka rufe bisansa. A kan hanya an yi 'yan ramuka inda datti ya ke kwantawa, a zo a kwashe. Waɗansu gidajen suna da wurin zagayawa, da babbar randa binne a ƙasa. Akwai kuma wani babban kwarmin wanka a tsakiyar tudun, tsawonsa ƙafa 39, faɗinsa ƙafa 23, zurfinsa wajen ƙafa 8, da matakala a kowane kai. An shafa kwalta a bayan tubalan domin kada ruwa ya yoye.

Kada dai mu ɗauka kome nasu daidai ne. A waɗansu wurare ramin ƙazamin ruwa yana kusa da rijiya ainun, su kuwa ba su san ƙwayoyin cuta ba. Mu da muka sani, mu riƙe ka'idar da mu ke faɗa kullum, salga ta yi nisan ƙafa 100 daga rijiya, ta kuma kasance a gangare da ita. Amma lambatu ba ya aiki sai in wani yana share shi, kuma in maƙwabci ya toshe nasa, naka ma ya tsaya. Tun da waɗannan lambatu sun yi aiki ɗaruruwan shekaru, to akwai wani irin shiri da jama'ar suka yarda da shi, suka kuma bi. Ba a sami wani gini da za a tabbatar fadar sarki ce ba, ba a kuma sami manyan kaburburan sarakuna irin na Masar ba.

Manoma ne ke ciyar da biranen. Sun noma alkama da sha'ir da riɗi da irin su wake, suna kuma cikin mutanen farko a duniya da suka noma auduga suka saƙa. Suna da duwatsun awo masu ninka juna, 1, 2, 4, 8, 16 har gaba, iri ɗaya a ko'ina. Rubutunsu yana da alamu wajen 400, har yanzu kuwa ba wanda ya iya karanta shi.

Wajen 1900 kafin haihuwar Almasihu biranen suka fara lalacewa. Masana da yawa suna danganta wannan da raguwar ruwan sama da kuma koguna da suka sake hanya. A sahun gini na ƙarshe ana ganin lambatu sun toshe ba mai gyara, an yi ɗakuna sun ci titi, mutane suna tone tsofaffin tubala suna gina 'yan bukkoki da su. Ashe ɗiban tubalin ya fara tun daga masu garin.

Me ya sa wurin abu ya fi abin kansa?

Mai karatu zai ce, to ai tubalan suna nan, in ana so a je bakin dogo a ɗebo. Amsar ita ce, tubali shi kaɗai ba ya ba da labari. Tsohon gari kamar juji ya ke: abin da ke ƙasa shi aka fara zubarwa, na bisa shi ne na baya. In an sami tukunya bisa daɓen wani ɗaki, an san zamaninsu ɗaya. In akwai gawayi ko ƙashi tare da su, ana iya kai shi ɗakin gwaji a auna shekarunsa, daga nan a san shekarun ɗakin da na tukunyar. In an sami hatimi kusa da ƙofar gari tare da duwatsun awo, ana iya gane cewa a nan a ke karɓar haraji ko a ke ciniki. Amma da zarar an zare bango, ƙasar sama ta rufta cikin ta ƙasa, kome ya cakuɗe. Sai ka ce an yayyaga littafi an watsa takardunsa a kasuwa.

Abin da masu bincike suka tarar a Harappa ke nan. A wurare da yawa ba su sami bango ba, sai ramin da aka zare shi, cike da ɓaraguzai. Da bin waɗannan ramuka ne su ke zana siffar gidajen da babu su. Abin da ya tsira shi ne ɗanyen tubali, domin 'yan kwangila ba su da bukatarsa. A 1946 Mortimer Wheeler ya tono ganuwar tudun ya tarar da ita ta ɗanyen tubali, kaurinta a gindi wajen ƙafa 40. Daga 1986 wata ƙungiyar masana daga Amurka da Pakistan ta sake komawa wurin, suka nuna cewa mutane sun zauna a Harappa tun wajen 3300 kafin haihuwar Almasihu, garin kuma ya kai faɗin hekta 150. An koyi abu da yawa. Amma tsarin unguwanni da yawa na birnin ya tafi ke nan.

Akwai kuma wata ɓarna ta dabam wadda ta sami Mohenjo-daro, ita ma ya kamata mu sani. Tubalan da suka kwana shekara 4,000 lafiya cikin ƙasa, da aka buɗe su sai suka fara marmashewa. A 1932 an gama babbar madatsar ruwa ta Sukkur a kan kogin Indus, noman rani ya yawaita, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hauro. Tubali yana tsotson ruwan nan mai zartsi, rana ta busar da shi, gishirin ya rage a ciki yana fasa shi. Wanda ya taɓa gini a ƙasa mai kanwa ya san yadda gindin bango ya kan yi fari ya rika zuba. Saboda haka tun tsakiyar shekarun 1960 aka tsai da babban tono a wurin. A 1980 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Ɗaya daga dabarun da a ke yi shi ne a yaɓe katangun da laka, domin gishiri ya ci lakar ya bar tubalin. Ruwan sama mai yawa na 2022 ya sake yi wa wurin lahani. Watau buɗe tsohon gini a bar shi ga rana da ruwa, shi ma rushe shi ne, sai dai a hankali.

In mun tarar a wurinmu fa?

Kada mu ce wannan abin Indiya da Pakistan ne kaɗai. A Jihar Yobe akwai kufan Birnin Gazargamu, babban birnin Borno wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, aka kuma ci shi da yaƙi a 1808. A can, da Gambaru kusa da shi, akwai ragowar gine-gine na gasasshen tubali. Akwai irinsu a Garumele cikin ƙasar Nijar. Wuraren da ba a sani ba tukuna kuwa, mai haƙa rijiya ko tushen gini ne zai fara cin karo da su, ba masani daga jami'a ba.

Ba kowane tsohon tubali ne kayan tarihi ba. Yana yiwuwa tushen barikin zamanin Turawa ne, ko kantin wani kamfani. Amma ba mai diga ne zai yanke wannan hukunci ba. In an ga tubala a jere, ko daɓe, ko tukwane a kife, a dakata da haƙa a wannan gefe. Kada a zare kome domin a ga abin da ke bayansa, kada kuma a wanke abin da ya riga ya fito. A auna zurfin daga bisa ƙasa, a auna tubali ɗaya, tsawo da faɗi da kauri, a ɗauki hoto da waya tare da sanda ko ma'auni a gefe domin a gane girman. Sa'an nan a rufe da buhu a mai da ƙasa mai laushi a kai. A gaya wa mai unguwa da dagaci, su kai maganar ga ƙaramar hukuma da gidan ajiye kayan tarihi mafi kusa, kamar na Jos, ko Kaduna, ko Gidan Makama a Kano. A Nijeriya dokar 1979 ce ta kafa hukumar da ke kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi. Dokar ta hana tono domin neman kayan tarihi ba tare da izini ba, ta kuma hana cinikinsu da fitar da su waje ba bisa ƙa'ida ba.

Mun san abin da ke sa mutane su yi shiru. Wani yana tsoron a tsai da aikin, ga kuɗin gayya an riga an tara, ga damina tana zuwa. Wani yana tsoron a karɓe masa fili. Wani kuma yana zaton akwai tukunyar zinariya a ƙasa, sai ya komo da dare da fitila. Game da zinariya, yawancin abin da a ke samu a irin waɗannan wurare tsingaro ne da gawayi da ƙasusuwan dabbobi, ba su da kuɗi a kasuwa. Game da jinkiri kuwa, gaskiya ne yana iya faruwa, ba za mu ɓoye muku ba. Amma salga ko ramin ƙasa ana iya gusar da su 'yan yadi kaɗan a ci gaba da aiki a ranar. In tushen aji ne ko ɗakin shan magani, kwamitin gini ya zauna da dagaci a duba ko za a juya ginin zuwa wani gefen filin kafin amsa ta zo. A rubuta ranar da aka gani, da zurfin, da wurin daidai, a ba dagaci takarda ɗaya, a ajiye ɗaya wurin shugaban makaranta.